Katin da Ke Cikin Kitson Shafa'atu

Duk matar da ta yi aure a Illela cikin shekara goman nan, in ta buɗe maka albam ɗinta, da wuya ba Shafa'atu ce ta ɗauki hotunan cikin gida ba. Maza masu kyamara suna da yawa a garin, amma iyakarsu ƙofar gida da wajen ɗaurin aure. Ita ce ke shiga har ƙuryar ɗaki, inda ake sa lalle, inda uwar amarya ke share hawaye da bakin zane ba ta son kowa ya gani.

Sana'ar gado ce. Mahaifinta, Malam Abu, ya yi shekara talatin yana ɗaukar hoton fasfo a wata 'yar rumfa kusa da boda, da farin ƙyalle guda da yake ratayawa a bayan mutum. Tun tana ƙarama take kai masa abincin rana, ta zauna a kan benci tana kallon yadda yake sarrafa 'yan kasuwa masu tsallakawa Ƙwanni ta Nijar: wannan ya gyara hula, wancan ya daina ƙifta ido. Da ya rasu, babu wanda ya kula da kyamarar cikin 'ya'yansa maza, sai ita ta ɗauka. Ta auri Nu'man, mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Shi ya raba shagonsa biyu da labule ya ba ta rabi.

A shekararta ta uku da fara aiki ne abin ya fara samunta. An ɗauke ta bikin wata yarinya mai suna Jannat, 'yar wani babban ɗan kasuwar albasa. Kwana uku tana aiki, daga kamu har kai amarya, kuma duk hotunan a kan katin memori guda ɗaya, wani mai arha da ta saya a tebur. Da ta zo ta sa shi a kwamfuta, sai ya ƙi buɗewa. Nu'man ya gwada duk dabarar da ya sani. Aka kai katin Sakkwato, aka dawo da shi yadda ya tafi. Ba ta ɓoye ba, ta aika gidan su amarya ta faɗi gaskiya.

Ranar Lahadi da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Bashar, yayan amarya, shi da abokansa biyu. Ko sallama bai yi ba, ya fizge labulen har igiyar ta tsinke.

"Mi kinka ce ya samu hotunan ƙanwata?"

Shafa'atu ta miƙe. "Don Allah ka yi haƙuri, katin ne ya..."

Ba ta ƙarasa ba ya kwaɗa mata mari, ta faɗa kan tebur, kunnenta na ƙara. Nu'man ya zagayo da sauri yana cewa, "Malam, mace ce fa! Zauna mu yi magana." Bashar ya sunkuya ya ɗauki kujerar ƙarfe ya ɗaga sama. Nu'man ya kare kansa da hannun dama, kujerar ta sauka, ƙashin ya ce ƙas, har masu shagon da ke maƙwabtaka suka ji. Abokan nan biyu suka kifar da akwatin gilashin da ake jera wayoyin mutane, suka bi da ƙafa suna tattakewa. Bashar ya ɗauki kwamfutar ya maka ta da ƙasa, ya sake ɗauka ya maka da bango. Kafin 'yan kasuwa su rirriƙe su, Nu'man yana durƙushe cikin fasassun gilasai, hannunsa ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, jini na zuba daga goshinsa.

Manya suka shiga maganar. Uban Bashar da kansa ya tasa shi gaba ya kawo shi ya ba da haƙuri, aka ce a bar wa Allah. Mai ɗori ya ɗaure hannun Nu'man da karare, ya yi wata biyu ba ya iya riƙe sukundireba.

Bayan mako guda Jannat ta zo gidansu. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da zoben hannunta.

"Anti, ban zo don abin da Yaya ya yi ba, ya yi laifi. Kakata ce. Daga Amarawa anka kawo ta bikin, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai ranar, don na roƙe ta. Shekaranjiya ta rasu. Na ce ko guda ɗaya ya tsira?"

Shafa'atu ta tuna tsohuwar sarai, da yadda ta rufe baki da hannu tana dariya. Babu ko ɗaya. Marin Bashar ya daina zafi tun washegari, amma wannan tambayar ta yi shekaru tana cin ta.

Cikin wata biyun nan da Nu'man yake zaune a gida da hannu a rataye suka tsara yadda za ta riƙa aiki. Shi yana faɗa, ita tana rubutawa a bayan littafin makarantar 'yarsu Ummu, suna gardama.

"Kati babba guda ya fi sauƙi," in ji ta.

"Shi ya kawo mu nan, Maman Ummu. Ƙanana da yawa. In ɗaya ya mutu, yini guda ya tahi, ba biki duka ba."

Ta sayar da awarwaronta ta sayi kyamara mai ramin kati biyu, wadda duk hoton da ta ɗauka sai ya sauka a kan katunan biyu lokaci guda. Ta sa wa kanta doka: da an gama wani sashe na biki, ko da sa lalle ne, za ta zare kati ɗaya ta raba shi da kyamara, kada su kwana jaka ɗaya, kada su hau mota jaka ɗaya. Lokacin da mata suka tashi salla, in ta idar sai ta jona katin da wayarta ta kwafe, wayar kuma ta riƙa tura su intanet duk inda ta kama sabis. Layi biyu take riƙewa, na gida da na Nijar, don a ƙauyukan bakin iyaka sau da yawa na tsallaken ya fi kamawa. In ta dawo gida, ba ta cin abinci sai hotunan sun shiga kwamfuta da faifan ajiya guda biyu. Ɗaya yana zama a ɗakinta. Ɗayan kuma duk Lahadi ƙanwarta Latifa, da ke aure a Ƙwanni, in ta zo kasuwa sai ta kawo wanda ke hannunta ta karɓi sabo ta tsallaka da shi. Ba ta goge kati sai amarya ta riƙe albam ɗinta a hannu. Kuma duk farkon wata takan zaɓi wani tsohon biki ta buɗe, don ta ga da idonta cewa yana buɗuwa.

Sauran masu hoto suka yi ta mata dariya. Wani ya ce ko zinariya ba a tsare ta haka. Shekara shida ta yi a kan wannan tsari, kati ya mutu mata sau biyu, ruwan sama ya taɓa shiga ɗakinta ya jiƙa faifai, amma ba amaryar da ta sake jin kalmar haƙuri daga bakinta.

Sai bikin Hindatu ya zo, a ƙarshen damina, dawa ta yi tsawon da ya fi mutum. Angon, Jabir, ɗan unguwarsu ne, matashi mai sayar da kayan babur. Amaryar kuwa 'yar wani ƙauye ce a bayan Tozai. Saboda halin da hanya take ciki, dangin biyu suka yarda a yi komai da rana: a tafi da sassafe, a ɗaura aure da hantsi, a ɗauko amarya a dawo kafin la'asar. Nu'man bai so tafiyar ba.

"Ki ba su haƙuri, wagga hanya ba ta da kyau."

"Uwar Jabir da kanta ta zo, Baban Ummu. Da wane ido zan ce mata a'a? Mota biyu ce, kuma da rana tsaka."

Ya duba cajin wayarta ya miƙa mata.

Biki ya yi kyau. Ta ɗauki Hindatu cikin ƙawayenta, ta ɗauki Jabir yana dariya sanda abokansa suke gyara masa babbar riga, ta ɗauki dattawan da suka raka shi suna zaune a inuwar darbejiya da goro a gabansu. Da aka tashi azahar ta jona katin da waya ta kwafe, amma garin ba sabis ko ɗigo, hotunan suka tsaya a wayar. Da za su hau mota ta zare kati ɗaya kamar kullum. Jakarta a cike take, rigarta ba aljihu, sai ta naɗe shi a 'yar leda ta cusa cikin kitsonta ta ƙeya, ta ɗaura kallabi ta mayar da hijabi.

Maza suna ƙaramar mota a gaba tare da ango. Mata da wasu dattawa suna bas a baya, amarya a tsakiya an lulluɓe ta. Direban bas ɗin, Baba Maccido, dattijo ne mai barkwanci, ya ce wa Shafa'atu ta zauna gaba kusa da shi saboda kayan aikinta.

"Ɗiyata, yau sai kin ɗauke ni da sitiyari. Shekara arba'in ina tuƙi ba ni da hoto sai na lasin."

"In munka isa gida, Baba."

Ba su yi tafiyar minti ashirin ba, a wata kwana inda gonakin dawa suka matse hanyar dama da hagu, ta ji ƙara kamar ana fasa busassun itace. Motar gaba ta yi wani layi ta faɗa cikin gona. Babura suka fito daga cikin dawa, kowanne da mutum biyu ko uku, fuskokinsu a naɗe da rawani. Baba Maccido ya taka birki ya sa ribas. Gilashin gaba ya tarwatse a fuskarsu. Ya saki sitiyari ya kama wuyansa, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, motar ta ja da baya a hankali ta tsaya a kan kunyar gona.

Mata suka ɗauki salati. Aka buɗe ƙofa ana jawo su ɗaya bayan ɗaya ana jefarwa a ƙasa. Wata gwaggon ango, mai ciwon ƙafa, ta kasa saukowa da sauri, wani ya buga mata gindin bindiga a ƙirji, ta faɗo ta baki ba ta sake motsi ba. Daga inda Shafa'atu take kwance tana hango ƙaramar motar. An fito da maza an kwantar da su. Jabir ya ɗago kai da ya ji ihun matan, ya yunƙura zai taso yana kiran sunan Hindatu. Harbi biyu aka yi masa. Babbar rigar da ta ɗauka a hoto ɗazu fara fat ta rine tun daga ƙirji.

Suka bi kowa suna karɓar waya da 'yan kunne. Wanda ya zo kan Shafa'atu dogo ne, ya fizge wayar, sannan idonsa ya faɗa kan kyamarar da ke rataye a wuyanta.

"Ke mai hoto ce? Tashi."

Ta tashi.

"Ɗauke ni."

Ya ja baya ya jingina da bas ɗin, ya saɓa bindiga a kafaɗa, ya gyara tsayuwa. A bayansa, ta tagar da ta fashe, Baba Maccido yana kife a kan sitiyari, numfashinsa na fita da wani irin gurnani. Ta ɗaga kyamarar. Hannunta ya ƙi tsayawa. Ta danna. Ya zo ya leƙa, ya ga hoton ya yi dishi-dishi.

"Wasa kike da ni?"

Gindin bindigar ya same ta a ƙarƙashin idon dama. Ta ji wani abu ya fashe a cikin fuskarta, duniya ta yi fari, ta tsinci kanta a ƙasa bakinta cike da jini da ƙasa. Ya sa ƙafa ya shure ta a haƙarƙari.

"Tashi ki sake!"

Ta dafa taya ta miƙe. Idon daman da take leƙa kyamara da shi tun tana yarinya ya rufe. Ta mayar da ita idon hagu, ta manna gwiwar hannunta a cikinta, ta riƙe numfashi, ta danna. Ya duba, ya yi dariya, ya kira wani ya nuna masa. Sannan ya zaro wuƙa ya yanke igiyar kyamarar daga wuyanta, bakin wuƙar ya tsaga hijabi ya tsaga kafaɗarta. Ya rataya jakarta, ya tura ta ta faɗi, ƙeyarta ta bugu da dutse.

Duka abin bai kai rabin sa'a ba. Suka zaɓi maza huɗu suka ɗaure musu hannu da rawunansu, suka ɗora su a babura, suka shige cikin dawa. Amarya ta tsira ne don wata ƙawar uwarta ta yaye mata lulluɓin tun a mota ta tura ta ƙarƙashin kujera ta zauna a kai. Da ƙarar baburan ta ɓace, Hindatu ta rarrafo ta fito, lalle a hannu da ƙafa, ta tafi wajen ƙaramar motar da ƙafarta. Babu wanda ya iya riƙe ta. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Jabir a cinyarta, ba ta yi kuka ba, sai ƙudaje take kore masa. Manoman da suka ji harbi ne suka fito daga baya da amalanken shanu.

Mutum uku aka binne washegari: Jabir, da gwaggonsa, da Baba Maccido. Shafa'atu tana asibiti, an ɗinke kafaɗa, an naɗe rabin fuska. A kwana na biyu Latifa ta zo za ta wanke mata kai, don jinin ƙeya ya bushe ya manne da kitso. Tana tsefewa da ruwan ɗumi sai ta ji wani abu mai tauri.

"Yaya, mi ne ne wanga?"

Shafa'atu ta ma manta da shi. Ta miƙa hannu ta karɓa, ta riƙe shi a tafinta, sannan kukan da bai zo ba tun a hanya ya zo.

Nu'man ya tafi da katin shago. Jini ya shiga ledar ya taɓa bakinsa. Ya goge shi da auduga da sifirit, ya bar shi ya bushe, ya yi bisimilla ya sa a kwamfuta. Ya buɗe. Hotuna ɗari huɗu da goma sha ɗaya, babu wanda ya ɓaci. Bai tashi daga wurin ba sai da ya zuba su a faifai biyu ya tura intanet.

Amfaninsu na farko ba wanda kowa ya zata ba ne. Jami'an tsaro suka nemi hotunan mutum huɗun da aka tafi da su, sai aka tarar biyu daga ciki, dattawan ƙauye, ba su da hoto ko ɗaya a gidajensu. Nu'man ya ciro fuskokinsu daga hoton inuwar darbejiya ya wanke ya bayar. Bayan wata biyu, mutum uku suka dawo, sun rame kamar kara, ƙafafunsu duk gyambon sarƙa. Na huɗun, Malam Abba, ya rasu a daji. 'Ya'yansa suka zo har gida suka roƙi hotonsa, Shafa'atu ta wanke musu babba. Iyalan Baba Maccido ma sun zo. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, ta same shi a guda ɗaya tak, can gefe, ya juya baya yana duba tayar mota. Shi ta ba su, suka karɓa da hannu biyu.

Hindatu ta yi takabarta a gidan iyayenta, wata huɗu da kwana goma, ba ta taɓa kwana ɗakin mijin ba. Da ta fita, ta zo Illela, uwar Jabir ta rako ta wajen Shafa'atu. Shafa'atu ta buɗe kwamfuta ta juya musu ita. Tsohuwar ta kalla har ƙarshe tana ta addu'a. Hindatu kuwa hoto bakwai ta gani ta ce a tsaya. Na bakwan shi ne wanda abokai ke gyara masa riga.

"Wanga nike so, Anti. Ƙarami, wanda zai shiga jaka."

"Sauran fa? In haɗa miki albam?"

"A'a. Ki aje min su. Ban iya kallonsu yanzu."

"Suna nan. Duk ranar da kinka shirya, ki zo."

Idon daman Shafa'atu bai dawo daidai ba, inuwa-inuwa take gani da shi, kuma ƙashin kuncin ya warke da ɗan lotsawa. Ta yi wata biyar ba ta taɓa aiki ba. Matan unguwa ne suka dame ta, kowacce da ranar bikin 'yarta, har ta karɓi aron kyamara wajen wani abokin Nu'man, daga baya ta sayi tata. Ta koya wa kanta aiki da idon hagu. Masu hoton da suka yi mata dariya a da, uku daga cikinsu yanzu duk Asabar suke kawo faifansu shagon Nu'man a kwafa, ita kuma takan tsare su da tambaya: yaushe rabonka da buɗe na bara ka gani? Ba ta wuce garin Araba da ke nan kusa yanzu, ko wa ya zo roƙo.

A watan jiya ta yi wani biki a cikin gari. Ana tsakiyar kamu, tsakar gida cike da mata, sai tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Ba ta san lokacin da ta faɗa bayan randa ba, ta dunƙule, ta rufe kai da hannu, kyamara a ƙirjinta. Kiɗa ya tsaya. Uwar amarya ta zo ta durƙusa kusa da ita ta dafa bayanta.

"Taya ce, Shafa'atu. Taya ce kawai. Ki shiga ɗaki ki huta."

Ta ɗan jima a haka. Sannan ta tashi ta sha ruwa a moɗa, ta kakkaɓe hijabinta, ta duba gilashin kyamarar ta ga bai fashe ba. Ta ce wa ƙawayen amarya su koma inda suke, na gaba su durƙusa, doguwar nan ta koma baya.